Iska ce ke tura ƙanƙarar Tekun Aktik, ko kuwa igiyar ruwa?

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa jirgin ruwan Fram na Fridtjof Nansen, mai binciken nan ɗan ƙasar Norway, ya maƙale a cikin ƙanƙara a arewa da Saiberiya a shekarar 1893, bai kuɓuta ba sai a 1896 kusa da tsibiran Svalbard da ke arewa da Norway, alhali ba tuƙa shi ake yi ba. Mene ne ya ɗauko ƙanƙarar daga wancan gefe zuwa wannan, iska ce ko ruwan da ke gudana a ƙarƙashinta?

Malamin Kimiyyar Yanayi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gangan Nansen ya bari ƙanƙara ta kama jirginsa, domin tarkacen jirgin Amurka mai suna Jeannette, wanda ya nitse a arewa da Saiberiya a 1881, an tsince shi a kudu maso yammacin Girinlan a 1884, ya kuwa fahimci cewa ƙanƙara ce ta kai shi can.

Idan ana maganar motsin yau da gobe, iska ce kan gaba. A inda ƙanƙarar ba ta cunkushe ba, gudunta yakan kai kusan kashi 2 cikin 100 na gudun iskar, wato iskar da ke yin mita 10 a daƙiƙa za ta iya matsar da ita kimanin kilomita 17 a yini guda. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Nansen ya lura ƙanƙarar ba ta bin iskar kai tsaye, sai ta karkata zuwa dama da digiri 20 zuwa 40, saboda juyawar da duniya ke yi. Wannan lura ce ta zama tushen bayanin da masanin Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, ya wallafa a 1905 kan yadda iska ke jan ruwan saman teku.

Malama Mai Nazarin Teku:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai kada ɗalibinmu ya ɗauka ruwan ba ya taka rawa. Idan aka auna tafiyar watanni, igiyar ruwa tana da kaso mai yawa, ko da yake ita ma akasari iskar ce ta tayar da ita. Babban zagayen da ƙanƙara ke yi a Tekun Beaufort da ke arewa da Alaska da Kanada, wanda ke bin juyin hannun agogo, yana da nasaba da babban matsin iska da ke zaune a yankin, yayin da wata babbar igiyar ruwan ke kwaso ƙanƙara daga gaɓar Saiberiya ta fitar da ita ta mashigin da ke tsakanin Girinlan da Svalbard.

Kaurin ƙanƙarar ma abin dubawa ne. A hunturu, kusa da gaɓa, takan matsu har ta turje wa iska, idan matsin ya yi tsanani kuma sai ta karye ta hau kan juna ta yi tudu. Yanzu da ɗumamar yanayi ta rage mata kauri, ta fi yi wa iska biyayya: jirgin Faransa mai suna Tara ya bi kusan hanyar Fram daga 2006 zuwa farkon 2008, ya gama cikin kusan rabin lokacin da Fram ya ɗauka. Wannan sauyi yana damuna ƙwarai.

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. To a Antatika fa, Malama, haka abin yake?

Malama Mai Nazarin Teku:
A can karkatar zuwa hagu take. Iska mai tsananin sanyi da ke gangarowa daga tudun nahiyar takan kore ƙanƙara daga gaɓa, ta bar fili na ruwa wanda nan take yake sake daskarewa, kuma da yake babu ƙasa da ta kewaye tekun, ƙanƙarar takan bazu zuwa arewa ta narke. A Tekun Weddell ne irin wannan motsi ya ja jirgin Endurance na mai binciken nan na Birtaniya Ernest Shackleton tsawon watanni, har matsin ƙanƙara ya murƙushe shi ya nitse a Nuwamba 1915.