Ya kuka shawo kan maigida ya kama muku hidimar yara?

Salamu alaikum ƴan uwa mata. A Talladje nake, nan Yamai. Hutun haihuwa na sati 14 ya ƙare, na koma biro. Tun asuba ina kan ƙafa: wanka, kunu, shirya babban zuwa lakkwal, jaririya ta yi mini tumbuɗi a mayafi muna bakin ƙofa. Da yamma ni ce tukunya, maigida yana fada wurin shayi, alhali tare muke biyan haya.

Ba mugu ba ne. Ranar da ya kai jaririyar awo, abokansa suka yi ta kiransa mijin-ta-ce, daga nan ya janye. Hajiyarsa kuma cewa take reno aikin mace ne.

Na gaji ƙwarai. Don Allah wadda ta samu mijinta ya sauya, ta yaya ta ɓullo masa ba tare da rigima ba?