Wace nasara ce a wasa ba ku taɓa mantawa ba?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan Damagaram. Ina tambayar waɗanda ba sana'arsu ba ce wasa: wace nasara ce har yau ke faranta muku rai? Tawa kokowa ce, bayan girbin hatsi, a wani ƙauye kusa da Mirriya. Aka haɗa ni da wani ƙato da ya ka da samarinmu duka. Ganga na tashi, ƙura ta turnuƙe, tafin hannuna duk gumi. Ya kawo cafka, na sunkuya na kama ƙafarsa ta hagu na ɗaga, sai gwiwarsa ta dafa ƙasa. Shi ke nan, kaye ya tabbata! Jika biyu da turmin atamfa aka ba ni, na kai wa innata atamfar. Yanzu ko filin kokowa na Langa-Langa na shiga kallo, sai jikina ya riƙa tsuma.

Maman Biyu: Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Ni gudu na yi a lakwal, ba takalmi, na wuce har 'yan ajin gaba. Babanmu da ya so hana ni, shi ya fi kowa ba da labarin.

Na Zango: Yaya, ashe Balla Harouna, shahararren ɗan kokowar nan, muke da shi ba mu sani ba! Ni gola ne a ƙwallon unguwa lokacin hutu. Na kama fanareti a wasan ƙarshe da Garin Malam, 'yan fadarmu suka ɗauke ni a kafaɗa har ƙofar gida.

Ɗan Birni: Hajiya, yanzu 'ya'yan naki suna gudun kuwa?