Neman kalma: me za mu kira "objectification" da Hausa?

'Yan'uwa, na kawo ƙarar wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya. Ina shirya darasi ne a kan yadda marubutan zamanin mulkin mallaka suka zana mata a ƙagaggun labaransu, sai na ci karo da kalmar Turancin nan "objectification", na rasa rigar da zan sa mata da Hausa. A taƙaice tana nufin a ɗauki mutum a mayar da shi abu. To amma wane irin abu? Nan gizo ke saƙar.

Bari in fara nuna muku inda na gamu da ita, don kalma ba ta zama daidai sai an gwada ta a jikin mai ita.

Littafin shi ne Heart of Darkness na Joseph Conrad, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Blackwood's a 1899, aka buga shi cikin littafi a 1902. Conrad da kansa ya je Kwango a 1890 ya yi aiki a jirgin kogi, lokacin da ƙasar take gonar Sarki Leopold na biyu na Beljiyam shi kaɗai, daga 1885 zuwa 1908. Mai ba da labarin, Marlow, an tura shi can ƙuryar kogi ya ɗauko Kurtz, wakilin kamfani mai tara hauren giwa, wanda ya je da sunan kai haske, ya ƙare da kafa kawunan mutane a kan sanduna a ƙofar gidansa. Duhun da ake magana ke nan, na cikin zuciyar ɗan'adam. Ko sunan littafin ma aiki ne: "Zuciyar Duhu" ko "Ƙuryar Duhu"? Duka biyun marubucin yake nufi, mu kuwa dole mu zaɓi ɗaya. Mu bar wannan sai wata rana.

Abin da ya tsaya mini shi ne matan. Akwai gwaggon Marlow da ta yi masa hanyar aiki. Akwai mata biyu da ke saƙa da baƙin zare a ofishin kamfani. Akwai matar nan 'yar Afirka da ke tare da Kurtz, sai kuma Baturiyar da ya yi wa alkawarin aure. Babu ko ɗaya mai suna. Amma jirgin da Marlow ke zaune a ciki yana ba da labarin a kogin Thames yana da suna, kuma sunan mace ne: Nellie.

Ku dubi yadda 'yar Afirkar ta shigo. Ta fito bakin kogi tana takawa a hankali, kai a sama, an ɗaure mata gashi kamar kwalkwali, tagulla tun daga idon sawu har gwiwa, wasu a hannu har gwiwar hannu, wuya cike da duwatsun ado, jan ɗigo a kunci. Marlow ya ƙiyasta cewa abin da ke jikinta ya kai kuɗin haure da dama. Ta tsaya, ta dube su, ta ɗaga hannuwa biyu sama, ta juya ta shige daji. An ba mu lissafin adonta kaf. Daga baya wani Barashe ya ce ta taɓa yi wa Kurtz magana cikin fushi har tsawon awa guda, amma shi ba ya jin yarenta. Maganar awa guda, ko kalma ɗaya ba ta iso mana ba.

To me aka yi wa matar nan, da Hausa?

Da na tambaya a wani zaure, amsar farko da ta zo ita ce "wulaƙanta mata". Ban karɓa ba. Wulaƙanci yana da faɗi da yawa, zagi ma wulaƙanci ne. Kuma Marlow bai zage ta ba, yabon kwarjininta ma yake yi. Wani ya ce "mayar da mace abin sha'awa". Wannan ita ce fassarar da aka fi ji idan ana zancen tallace-tallace da finafinai, kuma ta yi daidai a can. A nan ta yi kaɗan, don Baturiyar babu zancen sha'awa a kanta ko kaɗan, amma ita ma an yi mata abin.

Ga yadda nata ya kasance. Sama da shekara bayan mutuwar Kurtz, Marlow ya same ta har yanzu cikin baƙaƙen kayan makoki. Ta roƙe shi ya gaya mata kalmar mamacin ta ƙarshe. Abin da Kurtz ya faɗa a bakin mutuwa ihun firgici ne kan abin da ya gani a kansa. Marlow, wanda tun farko ya ce ya tsani ƙarya, ya ce mata sunanta ya ambata. Mu masu karatu ko a nan ba a gaya mana sunan ba. Dama ya riga ya faɗi ra'ayinsa, cewa mata a wata kyakkyawar duniya tasu suke, kuma dole maza su taimaka su ci gaba da zama a cikinta don kada ta mazan ta ƙara lalacewa. Wato an ajiye ta a ɗaka ana goge mata ƙura, don a samu inda za a rufa asirin ɓarnar da aka yi a Kwango.

Wata malama ta kawo "bora da mowa", kuma na yi dariya don ta hango wani abu. Mata biyu, namiji ɗaya, ɗaya a gaban goshi ɗaya a bayan gida. Sai dai Hajiya, mowa tana da iko a gidan, bora kuma tana da bakin kai ƙara. Waɗannan biyun babu mai ko ɗaya.

Wani ɗalibi ya ƙera "kayantarwa", daga kaya. Ginin kalmar lafiya lau, irin na "siyasantar" da "zamanantar". Amma kunne na jin ta yana karkata ga "kayatarwa" da "ƙayatarwa", kuma kalmar da sai ka tsaya ka ce ba waccan nake nufi ba ta riga ta faɗi. Ɗan'uwanta "hajantarwa", daga haja, ya fi ta tsayuwa, kuma ina so mu riƙe shi don wani gurbi. A Mister Johnson na Joyce Cary, na 1939, wanda aka kafa labarinsa a Arewacin Nijeriya inda Cary ya yi aikin mulki a Borgu, akawu Johnson ya ga wata budurwa mai suna Bamu a bakin kwale-kwale, kafin ka ce kwabo an shiga cinikin kuɗin aurenta da danginta. Wannan hajantarwa ce. Inda ake maganar farashi, ita ce kalmar.

Wadda na tsaya a kanta don matan Conrad ita ce "gunkantarwa". A gunkantar da mace.

Dalilina, Bahaushe ya riga ya san ma'anar. Idan aka tambayi yaro ya yi shiru ya ƙura ido, cewa ake "ka tsaya mini kamar gunki". Gunki yana da siffar mutum, ana yi masa ado, ana ma girmama shi, amma wani ne ya sassaƙa shi don biyan buƙatar kansa, kuma duk abin da aka ce ya ce, mai tsaronsa ne ya faɗa. 'Yar Afirkar an sassaƙa ta ta zama fuskar daji da duhunsa. Baturiyar an sassaƙa ta ta zama fuskar tsarkin Turai. Da su biyun ake auna duhun namiji, ba wanda ya tambayi abin da ke ransu. Masana falsafa ma sun bi ta nan: Martha Nussbaum ta lissafa siffofi 7 na wannan ɗabi'a a 1995, Rae Langton ta ƙara 3, ciki har da rufe baki da taƙaita mutum ga kamanninsa.

Na san za a yi ƙorafi biyu. Na farko, ai Baturiyar ta yi magana. Gaskiya ne, kuma Chinua Achebe ya ɗora yatsa a nan a laccarsa kan wannan littafi ta 1975 a Jami'ar Massachusetts, inda ya nuna an ba ɗaya harshe an hana ɗayar. Bambancin yana nan, ba zan share shi ba, kuma sunansa wariyar launin fata. Amma ku koma ku karanta abin da Baturiyar ta faɗa: daga farko har ƙarshe kirarin Kurtz ne, ɗan amshin Shata bai fi haka ba. Na biyu, wani dattijo ya ce, "Malam, gunki kalma ce mai nauyi a addini, kada yara su zaci bautar mata ake nufi." Na ji, Baba, kuma shi ya sa na gwada "mutum-mutumi". Amma yanzu an ba na'ura mai aiki da kanta wannan sunan, kuma "mutum-mutumantarwa" sai harshe ya harɗe. "'Yar tsana" kuwa ta yi wasa da yawa, ba ta ɗaukar kwarjinin matar bakin kogi.

A aji zan ajiye littafin Baba ta Karo kusa da na Conrad. Tsohuwa ce da ta ba wata Baturiya, Mary Smith, tarihin rayuwarta da Hausa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, Turawa na nan ba su tafi ba. Aure nawa ta yi, wa ta so, wa ta ƙi, duk da bakinta. Idan ɗalibai suka karanta shafi ɗaya nan ɗaya can, ina jin ba sai na yi dogon bayanin kalmar ba.

Ga jimlar gwaji, ku faɗa da baki ku ji: "Marubucin ya gunkantar da matan labarinsa." Wasu sun fi son "gunkintar". Ni na bi sawun zamani da zamanantar, na zaɓi "gunkantar". Mutanen Sakkwato da Damagaram, yaya take faɗa muku a kunne?