Wa ya taɓa shiga tsohuwar matatar ruwa da aka yi watsi da ita?

Mai hoton biki, Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Sana'ata hoton biki da suna, amma ranar da babu aiki nakan rataya kyamara in fita bayan gari. Asabar ɗin da ta wuce ni da ƙanena muka bi hanyar Gwarzo a babur, muka sauka daga kwalta, muka sha burji har wani ƙaramin dam. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don 'yan jari-bola ma suna da waya. A gefen dam ɗin akwai matatar ruwa da ta daɗe da mutuwa. Iska ta yaye rabin kwanon ɗakin injina, hasken hantsi na saukowa ta ɓulolin kamar igiyoyi, ga hazon hunturu ya sa komai ya yi fari-fari. Alluran mitoci duk sun kwanta a kan sifili. A kan tebur na tarar da littafin rajista, gara ta ci rabinsa, ragowar kuma rubutun wani ne mai kyawun hannu, awa bayan awa, sai kawai ya tsaya a tsakiyar shafi. Wannan shafin ya fi duk hotunan da na ɗauka tsaya mini a rai. Wa ya taɓa shiga irin wurin nan? Kuma manyan kwatamai zagayayyun nan na siminti, aikin me suke yi?

Ma'aikacin ruwa mai ritaya, Gwale:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba kwatamai ba ne, tankunan kwantar da laka ne. Famfo ke jawo ruwan dam jawur, a zuba masa alif, ƙananan ƙwayoyin laka su dunƙule su yi nauyi su kwanta a ƙasa, kamar yadda iyayenku mata ke yi a randa, sai dai wannan da awo ake yi. Ruwan sama-sama ya malala zuwa gadajen tacewa, yashi a sama tsakuwa a ƙasa, daga nan a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan a tura shi tanki. Littafin da ka gani, a ciki muke rubuta awon alif da ƙarfin famfo. Ranar da rubutu ya tsaya, yawanci ba wani babban abu ba ne ya faru. Inji ɗaya ya ƙone, ko dizal ya yanke, aka ce a jira mako mai zuwa.

Mu Kanawa mun daɗe da wannan ilimi. Matatar Challawa ta wajen Panshekara tun farkon shekarun 1930 take, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Dam-dam ɗin kuwa yawancinsu tunanin Audu Bako ne, shi ya yi Tiga tsakanin 1971 da 1974, na Challawa a Ƙaraye sai 1992 aka gama shi.

Abu ɗaya nake roƙonku: in kun ga dogayen tukwanen ƙarfe masu kama da na gas a wani ɗan ɗaki a ware, kada ku taɓa, kada ku jingina kyamara a kai. Kulorin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma tukunyar da ta yi tsatsa ba ta sallama kafin ta yi yoyo.

Ɗalibar injiniyanci, Ɗorayi:
Baba Allah ya ƙara lafiya, da a aji haka ake mana bayani da mun huta. Ni wata matatar daban na je, mu huɗu, don aikin makaranta. Ƙarshen damina ne, ruwan sama ya cika wani tanki, kainuwa ta rufe shi ruf har ka rantse fili ne mai ciyawa. Ina ja da baya don ginin ya shiga hoto gaba ɗaya, ƙawata ta finciko hijabina. Taku ɗaya ya rage. Da muka zura gora ba ta taɓo ƙasa ba, kuma bangon santsi ne, babu abin kamawa. Tun ranar ba na ja da baya ido na kan waya. Ɗaya daga cikinmu kuma ya wanke ƙafa a bakin dam, muka yi ta tsokanarsa da tsargiya har muka iso Kabuga.

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Ni dai wauta na tafka. Na haura katanga ban yi wa kowa sallama ba, na tashi ɗan jirgin ɗaukar hoto. Minti goma ba a yi ba 'yan sintiri suka zagaye ni da gorori. Ashe ba a daɗe da kwance musu wayoyin wuta ba. Har la'asar ina zaune ƙofar gidan dagaci ana duba hotuna ɗaya bayan ɗaya. Da ya gamsu, shi da kansa ya haɗa ni da yaron da ya nuna mini inda zuma ta yi saƙa a cikin akwatin lantarki. Da ni kaɗai ne da na buɗe shi.

Ɗan ƙauye mazaunin Kurna:
Ku yi haƙuri, zan ɗan ɓata muku hira. Ku kuna ganin haske da tsatsa mai kyau a hoto. Ni garinmu akwai irinta, ina yaro na sha ruwan famfonta. Yau ƙannena mata daga dam suke ɗebowa, inda shanu ke sha, su wuce ta gindin katangarta da bokiti a ka. Ni ma nan Kurna wurin 'yan garuwa nake saye. Ban ce kada ku ɗauka ba. Amma in kun gama da injinan, ku juyo da kyamarar waje, da izinin mutane.

Mai hoton biki, Fagge:
Yaya, maganarka ta shige ni. Na koma cikin hotunan, sama da ɗari biyu, babu mutum ko ɗaya, alhali mun wuce yara da jarkoki a bakin ƙofar. Zan koma Asabar in sha Allahu, gidan dagaci zan fara sauka da goro. Baba, in na turo maka hoton ɗan farantin ƙarfe mai rubutun bayanan inji da ke jikin famfon, za ka iya gane ko mai gyaruwa ne?

Ma'aikacin ruwa mai ritaya, Gwale:
Bar hoton. In akwai wuri a mota, biyo ta Gwale bayan asuba. Ka ce wa ƙanenka ya sa takalmi sau-ciki, kububuwa na son ɗakin famfo.