Don Allah a taimaka: hasken UV na lalata takunkumin N95?

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ina aiki a sashen masu tarin fuka, kuma takunkumin N95, wato mai tace ƙwayoyin cuta daga iskar da muke shaƙa, ya yi mana ƙaranci, dole muke maimaita sawa. Wanki da sabulu ko fesa sifirit ba mafita ba ne, domin suna kashe cajin lantarkin da ke cikin zaren, wanda shi ne ke kama ƙananan ƙwayoyi. Shi ya sa muka koma amfani da akwatin fitilar UV-C mai tsawon zango 254 nm, wato haske mai kashe ƙwayoyin cuta, don tsaftace takunkumin.

Ga inda na maƙale. Bayan 'yan zagaye na sawa da haska shi, robar da ke zagaya ƙeya ta fara saki, takunkumin ba ya kama hanci da haɓa sosai, ga wani ƙauri-ƙauri da yake yi. Fitilar ce ke cin robar, ko yawan sawa da cirewa ne? Sannan haske ba ya shiga lungun da ya naɗe, to juya shi ciki da waje ya wadatar? Ba mu da na'urar auna ƙarfin hasken, gilashin fitilar ma ya soma dishewa. Ta yaya kuke tantance mintocin da suka isa? Wallahi ina tsoron mu sa abokan aikinmu cikin hatsari.