Naman kaza da muka ɗauka hoto a dajin Bobiri, ana ci kuwa?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ran Asabar ƙungiyarmu ta masu tattaki muka je Bobiri, dajin da ke kusa da Kumasi a Ghana, mu 11, mun hau trotro, wato bas ɗin haya, da sassafe muka sauka a Kubease kan hanyar Akra sannan muka taka zuwa cikin kurmin. An kwana ana ruwa, ƙasa duk ta jiƙe, ganye na ɗiga a kai, takalmina har yanzu bai bushe ba. Mutane suna zuwa can ne don malam-buɗe-littafi, amma ni wallahi naman kaza ne ya ɗauke min hankali, wani ja ƙarami kamar kofin shayi a jikin ruɓaɓɓen icce, wani mai tauri kamar faranti an manna shi a kututture, wani kuma fari dogo a gefen shuri. Tambayata biyu ce. Hotunana duk sun yi duhu sun dushe, yaya ake yi? Sannan farin nan na gefen shuri ana ci?

Maman Rabi:
Wa alaikumus salam ɗana. In dai wanda ke fitowa a gidan gara ne, muna sa shi a miya tun muna yara, Asantawa ma mmire suke ce wa naman kaza gaba ɗaya, in damina ta zauna za ka ga mata sun ɗaure shi a bakin titi suna sayarwa. Na shuri yana da doguwar saiwa da take nutsewa har cikin gidan garar, don garar ce ke nomansa a ƙasa. Akwai kuma domo da ke fita a ruɓaɓɓen iccen kwakwar manja. Amma ni ba zan ce maka ka ci daga hoto ba, sai na riƙe shi a hannu na shinshina.

Mai Kyamara:
Ɗan uwa matsalar haske ce, ƙarƙashin manyan itatuwan nan rana ba ta sauka sosai, wayar sai ta daɗe tana ɗauka, hannunka ya ɗan motsa shi ke nan hoto ya lalace. Ka ajiye wayar a ƙasa ka jingina ta da dutse ko jaka, ka sa ta ƙirga sakan 3 ta ɗauka da kanta, kuma ka goge gilashin don raɓa na rufe shi baka sani ba. Kada ka kunna filasha, yana wanke kalar. Ni farar takarda nake riƙewa a gefe ta mayar da haske ƙarƙashin laimar naman kazan, a nan kyawun yake, layi-layin nan sirara. Gwiwar wandonka dai za ta sha laka.

Baba Asawase:
Yaro ka ji maganar Maman Rabi. Akwai fari mai guba da ke kama da na ci, dafuwa ba ta kashe gubar, kuma mutum zai iya yin awa 6 ko fiye lafiya lau kafin amai da gudawa su fara, alhali ta riga ta kama hanta. Zancen wai in ƙwari sun ci to ba komai, ba gaskiya ba ne.

Ɗan Aboabo:
Na gode Baba, dama ban tsinko ko ɗaya ba. Mai Kyamara ko za ka biyo mu wata mai zuwa? Dajin Owabi da ke kusa da Kumasi muke son zuwa in ruwa bai ɗauke ba.