Neman kalmar Hausa: conceivable

Maman_Ilham: Salamu alaikum. Ina fassara wata sanarwa kan ambaliya da za a karanta a labarun ƙarfe shida, na maƙale a conceivable. Sau biyu ta fito: every conceivable measure, sai can ƙasa it is conceivable that ruwan zai ƙaru a Satumba. Na sa "mai yiwuwa" duka biyun amma kunnena bai yarda ba. A taimaka, edita na tsaye a kaina.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Hajiya, mai yiwuwa ai possible ce. Conceivable shi ne abin da zuciya za ta iya kawowa, ko zai faru ko ba zai faru ba. Doki mai fukafukai kina iya ganinsa a ranki, amma ba za ki same shi a kasuwar Mai'aduwa ba. Ki sa "wanda hankali zai ɗauka".

Malam_Nahawu: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Muna cewa gyara, gyaru, ɗinka, ɗinku, yi, yiwu. Ita kanta yiwuwar ta nan ta fito. To ƙissima, ƙissimu: abu mai ƙissimuwa. Inconceivable kuwa, ba ya ƙissimuwa. An gama.

Almajiri_Zazzau: Malamanmu na tauhidi sun riga ku. Hukuncin hankali uku ne: wajibi, mustahili, ja'izi. Ja'izi shi ne abin da hankali ke karɓar samuwarsa da rashinsa. Ko ku ce abin da ake iya tasawwurinsa.

Bakatsine: Ka ce wa manomi a rediyo ambaliya ja'iza ce, zai ɗauka an halatta ta ne.

Malam_Nahawu: Kuma duk Larabci ne. Kullum sai mun je aro alhali muna da namu a ɗaka.

Almajiri_Zazzau: Allah gafarta Malam, hankali ma daga Larabci take. Sai ka cire ta mu gani. Har sunanka Nahawu.

Dan_Damagaram: Mu nan da Faransanci concevable muke fama, asalinsu ɗaya, daga Latin. Shi ya sa conceive ke nufin ɗaukar ciki kuma, don haka "hankali ya ɗauka" bai yi nisa da tushen ba. Amma ku 'yan Najeriya in kun ƙirƙiri kalma sai ku ce ita ce daidaitacciya, ba ku tambayar kowa.

Malam_Nahawu: Ɗan'uwa, ba wanda ya hana ku kawo taku. Matsalarmu raina kai. Bature ya ƙirƙiri kalma yau, gobe tana ƙamus. Bahaushe ya yi, sai dariya. Baturen nan Bargery da ya fitar da ƙamusunsa na Hausa a 1934 daga bakin kakanninmu ya tattara.

Bakatsine: Ya tattara abin da ake faɗa ne, Malam. Wa ka taɓa ji ya ce ƙissimuwa?

Goggo_Rabi: Kun bar baiwar Allah da aiki. Ƙanwata, Turawan ma ba sa kawo wannan falsafar a maganar yau da kullum. Every conceivable cika baki ne kawai, wato babu wanda aka bari. Mu mukan ce "babu irin matakin da ba mu ɗauka ba". Ta biyun kuwa kaffa-kaffa ce, mai magana ba ya son a riƙe shi: "ba mamaki ruwan ya ƙaru". Inconceivable in ta zo miki wata rana, ki ce "ko a mafarki", ko "hankali ba zai ɗauka ba".

Maman_Ilham: Allah ya saka, Goggo. Na ɗauki ta farkon. Ta biyun edita ya ce "ba mamaki" ta yi kama da hira, ya mayar da ita "akwai yiwuwar".

Bakatsine: Wato mun koma possible ke nan.

Malam_Nahawu: Na labarai kun rufe, na ji. Amma ranar da malamin falsafa zai raba conceivable da possible a aji, "ba mamaki" ɗinku ba za ta fisshe shi ba. Ni dai na sa ƙissimuwa a darasina na Litinin.